Sunanka a Jikin Allon Sanarwa

Zuwa ga yayana Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan kana lafiya, ya Fatakwal, ya kasuwar albasa, ya haƙuri da ruwan saman can da aka ce ba ya gajiya. Baba da Inna suna nan lafiya a Tudun Wada, sai abin da ba a rasa ba na tsufa.

Na san za ka ji haushin ganin wasiƙarka a shafina na sada zumunta, inda kowa zai karanta. Ka yi haƙuri. Na kira ka har wayata ta gaji da ni, ba ka ɗauka, amma duk hoton da na ɗora kai ne na farkon leƙawa. To, tunda a nan ake samun ka, a nan zan same ka.

Kwana shida ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a ofis sai in miƙe, in na fita sai in dawo. Jiya na hau motar Kano daga Kwanar Ɗangora, sai da muka wuce mararrabar Bebeji na tuna ban ɗauko jakar takarduna ba. Akwai abin da na gani, Yaya, kuma ba zan samu sukuni ba sai ka ji shi.

Ka san ina aiki a ofishin kula da harkokin ɗalibai na jami'ar da ka yi, kuma ina karatun digiri na biyu. Bincikena a kan taimakon da jami'a ke ba ɗalibai ne. Da na fara, na ɗauka aikin ƙidaya ne: ofis nawa, asibiti nawa, gado nawa a ɗakin kwana. Sai malamar da ke duba aikina, Dakta muke ce mata, ta ture takardun gefe. Ta ce wannan salon ya tsufa, yanzu masu bincike sun koma tambayar ko ɗalibi yana jin wurin nasa ne, ko akwai wanda zai lura tun kafin ya faɗi, ko ɗalibai na gaba suna riƙe hannun na baya. Ta ƙara da wata magana da ta tsaya mini a rai: "Rakiya, duk waɗanda kika tambaya waɗanda suka zauna ne. Ina waɗanda suka tafi?"

Ban ce mata a gidanmu akwai ɗaya ba.

Na tuna shekarar da ka dawo gida ana tsakiyar dashen shinkafa, kana aji biyu a sashen injiniya, ka ce yajin aiki ake yi. Wa zai musa? A lokacin yajin aikin malaman jami'a ya zama kamar zazzaɓin damina, kowa ya san zai zo. Inna har murna ta yi, ta ce Allah Ya kawo wa Baba hannu. Ka shiga taɓo har gwiwa, kana aiki kamar mai huce haushi a kan gona.

Ni kaɗai ka faɗa wa gaskiya, ranar da muke korar tsuntsaye da gwangwani, shinkafa ta fara nuna. Ka ce ka faɗi darasi biyu, kuma an kafe sunanka a allon sanarwa har sau uku, wai ka ga malamin da ke kula da ajinku da gaggawa. Ka ce, "Gara in kori kaina da in tsaya a kore ni a gaban mutane." Ka sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Shekarata goma sha biyar, na rantse, har ina jin kaina wata babba don an ba ni ajiyar sirri.

Ban ga laifinka ba a lokacin, domin haka muka tashi. A garinmu in ɗan aiken dagaci ya kira sunan mutum, matan gida salati suke fara yi. A sakandare in hedimasta ya kira sunanka a taron safe, ka san bulala ce. Ba mu taɓa ganin babba ya kira yaro a rubuce don alheri ba.

Ka san yadda asirin ya tonu. Wani ɗan ajinku daga Kiru ya haɗu da Baba ranar kasuwa, ya durƙusa ya gaishe shi, cikin ladabi ya tambaya ko jikinka ne ya hana ka zuwa jarrabawa. Baba bai ɗaga murya ba da ya dawo, ko kallon ka bai yi ba. Washegari da hantsi muka ga ɗakinka a buɗe, babu jakarka. Yau shekara tara.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama. An ba ni izinin duba fayilolin ɗaliban da suka bar karatu ba sallama, da sharaɗin in ɓoye sunayensu, kowa in ba shi lamba. Suna cikin kwalaye a wani ɗaki mai warin jemage. A kwali na huɗu na buɗe wani fayil, kafin in kai ga suna sai na ga hoto. Hular nan ce mai ruwan ƙasa da Inna ta saya maka, ka karkata ta gefe kamar wani ɗan majalisa. Sai da na zauna a ƙasa.

A ciki akwai takarda da rubutun hannun malamin ajin naku. Ya rubuta cewa lissafin injiniya ne ke kayar da kai, amma makinka a kimiyyar sinadarai yana cikin mafi kyau a ajin. Ya nema maka gurbi a sashen noma, an kuma amince, saura kawai ka zo ka sa hannu. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya da jan biro, cewa an kira ka sau uku ba ka zo ba.

Ba korar ka za a yi ba, Yaya. Kujera aka ajiye maka.

Na yi kuka, sannan na yi fushi, kuma har yanzu ban gama tantance da wa nake fushin ba. Da malamin, wanda ya yi maka alheri amma ya kasa ƙara kalma biyar a sanarwa ya faɗi dalilin kiran? Da kai, da ka gudu ba wanda ya kore ka? Ko da ni, da na riƙe rantsuwar yarinta alhali da na buɗe baki Baba zai sa babbar rigarsa ya tafi jami'ar da kansa? Rashin sani ya fi dare duhu, mu uku duk muka yi ta lalube a cikinsa.

Na je na faɗa wa Dakta cewa fayil ɗin na wana ne. Ta ce in cire shi daga binciken, haka ƙa'ida take, na kuma cire. Amma shawarar farko da na rubuta a babin ƙarshe taka ce: kada a sake kiran ɗalibi ba tare da an gaya masa dalili ba, kuma in bai zo ba, a tura ɗan'uwansa ɗalibi ya nemo shi. Dakta ta ce shawarar ta yi ƙanƙanta a ido. Na ce mata na san gidan da rashinta ya ci wa shekara tara.

Ba zan yi maka ƙarya ba, waccan kujerar ta tafi tuntuni. Akwai karatun ƙarshen mako na masu aiki, na tambaya, kana iya nema, amma wannan zaɓinka ne, ba shi ya sa na rubuto ba.

Baba ne. Idonsa ya yi rauni, bana a bakin gona ya zauna yana ba 'yan ƙwadago umarni da sanda. In baƙo ya tambaye shi ina babban ɗansa, sai ya ce, "Yajin aikin Sani bai ƙare ba tukuna." Mutane suna dariya, shi ba ya yi. Da na karanta masa takardar malamin ranar Juma'a, ya ɗauki carbinsa yana ja. Can ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ya ce in tambaye ka ko ka manta hanyar gida. Inna kuwa tashi ta yi ta share ɗakinka, kamar wadda aka gaya wa ranar zuwanka.

Don haka ga sanarwa ta huɗu, na kafe ta inda kowa zai gani, kuma wannan karon da dalilinta a jiki. Ana neman Sani a gida da gaggawa. Ba faɗa za a yi masa ba, ba tuhumarsa za a yi ba. Mahaifinsa ne ke son ganin sa tun idonsa yana iya gane fuska.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya sanyaya maka zuciya in ka karanta wannan, Ya yafe mana abin da muka yi wa juna cikin rashin sani. Allah Ya kawo ka kafin a gama yankan shinkafa.

Wayata tana hannuna, ban sa ta a jaka ba tun da na fara rubutun nan.

Ƙanwarka,
Rakiya