Gangar Ilaria Ta Yi Ƙasa

Zuwa ga:
Mai girma Sinyor Osvaldo Righi,
Shugaban Ofishin Baƙi da Yawon Buɗe Ido,
Ƙaramar Hukumar Roccavalle di Sotto, Lardin Modena.

Daga:
Ermelinda Baraldi, matar marigayi Gualtiero Baraldi,
Gida mai lamba 9, Layin Tsohuwar Majami'a.

14 ga Nuwamba, 2023

Game da: Ɓarnar da aka yi wa gangunan kal (ruwan tsamin inabi mai tsada da ake tsufarwa shekaru) na gidana, wato tasha ta bakwai a taswirar "Hanyar Ɗanɗano"

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto wannan takarda ne bayan na buga waya sau huɗu, na kuma zo da ƙafata sau ɗaya. Shekaruna saba'in da takwas, kuma ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Na gaji ne kawai.

1. A ranar 3 ga Afrilu, ma'aikaciyarku Sinyora Tiziana ta zo ta nemi in amince a sa gidana cikin taswirar da baƙi ke bi da kansu, ba ɗan jagora, suna ɗanɗana cuku da nama da giyar inabi gida-gida. Na amince da sharaɗi ɗaya: ranar Asabar kaɗai, ɗigon kal uku a cokalin tangaran. Ta rubuta a gabana. Ban san inda rubutun ya shiga ba.

2. Kamar yadda ka sani, a ɗakin da ke ƙarƙashin rufinmu akwai gangunan katako biyar na baƙin kal. Mijina ne ya jera su a shekarar 1999, makon da aka haifi jikarmu Ilaria, don su zama nata ranar da za ta kafa gidanta, kamar yadda aka yi wa uwata, aka yi mini. Kowace shekara, in sanyi ya shigo, kwalba ɗaya tak ake ɗiba daga ƙaramar ganga, a cika ta daga wadda ke bi mata, haka har kan babbar. Ba a toshe bakinsu, farin ƙyalle kawai ake rufawa. Baɗi ne za su cika shekara ashirin da biyar.

3. Ofishinku ya ba kowane baƙo kofi mai igiya ya rataya a wuya, aka kuma buga a saman taswirar: "Cika kofinka a kowace tasha." Wannan magana daidai ce ga maƙwabcina Primo Cavani, mai tasha ta shida, wanda giya yake sayarwa. Ba wanda ya tuna cewa a tasha ta bakwai ba giya ba ce. An kuma manta da maganar Asabar, aka rubuta "kullum".

4. Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Tun watan Mayu gwiwoyina suka hana ni hawa bene. A gidanmu ba a mayar da wanda ya tsaya a bakin ƙofa, saboda haka duk wanda ya zo sai in miƙa masa cokali, in nuna masa matakala. Ban yi wa kowa bayani ba, domin ban taɓa zaton akwai ɗan Adam da bai san ɗigo ake ɗanɗana ba. A garin nan ko yaron goye ya sani. Ina jin ku ma a ofis abin da kuka ɗauka ke nan.

5. A ranar 21 ga Oktoba ne Primo ya leƙo ta shinge ya ce mini: "Linda, famfo kika kafa a sama ne? Kowa saukowa yake da kofi cike, ya kurɓa ya yatsine fuska, ya juye wa furanninki sauran." Na ɗauka zolayarsa ce ta kullum. Da na duba, sai na ga tukwanen furanni uku sun bushe, ƙasarsu ta yi baƙi tana ƙamshi. A ranar na hau benen da rarrafe. Ƙaramar gangar ba ta kai kashi ɗaya cikin uku ba, katakon samanta ya fara bushewa, an bar ludayin miyata a ciki. Na zauna a ƙasa na daɗe ban iya tashi ba.

6. Da na buga waya ranar 23 ga Oktoba, amsar da na samu ita ce: "Haba Kaka, ai talla muke miki kyauta, wasu roƙo suke a sa su." An ce za a gyara in an sake buga taswira a bazara. Jiya ma mutum shida sun zo da kofunansu. Mutanen kirki ne, sun gaishe ni da ladabi, abin da aka rubuta musu suka bi.

Ranka ya daɗe, ban nemi diyya ba. Za a iya cika gangar daga 'yan uwanta, amma in aka zuba mata sabo da yawa haka, ta koma yarinya, kuma ba ni da wasu shekaru ashirin da zan jira ta. Wannan na haƙura da shi.

Abin da ban haƙura da shi ba shi ne wannan. Surukina, mahaifin Ilaria, ya hau ya gani, ya sauko ya ce: "Mama, in sayarwa kike yi a ɓoye, ki faɗa mana kawai, ba wanda zai ci ki." Ilaria tana aiki a Torino, ba ta sani ba tukuna. Za ta zo hutun Kirsimeti, kuma kafin ta ajiye jaka benen take hawa.

Saboda haka ina roƙon alfarma, cikin ladabi:

(a) a cire gidana daga taswirar yanzu, ko da da alƙalami za a soke shi a kan kowace takarda;

(b) a ba ni wasiƙa mai hatimin ofis da sa hannunka, kafin 20 ga Disamba, wadda ta bayyana abin da aka buga da abin da ya biyo baya. Ba kotu zan kai ta ba. Jikata zan miƙa wa, don ta san kakarta sakarci ta yi, amma ba ta sayar da abin da kakanta ya bar mata ba.

Ina fatan za a duba da idon rahama. Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
Ermelinda Baraldi