Sunanka Ba Ya Cikin Ciniki

Zuwa ga ɗana Abba, a ƙasar Koriya.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Malumfashi, da fatan takardar nan ta same ka lafiya.

Mu nan da sauƙi. Ƙanwarka Rabi ta sauka lafiya a Maska, an samu mace. Ƙanenka Sani ya warke daga shawarar da ta kwantar da shi, har ya koma gona. Gwaggonka ta Funtuwa ƙafar ce dai, sai da sanda. Matarka Hadiza lafiyarta lau, sai ramar da kai ka san dalilinta. Mahaifinka ne ba lafiya. Yanar idon tana nan tana ƙaruwa, amma ba ita nake nufi ba. Wannan ciwon kai ka aiko masa da shi cikin ambulan.

Ka san tun da idonsa ya rufe ni ke karanta masa wasiƙunka, da yatsa a ƙarƙashin layi, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Ta ƙarshen nan bayan la'asar na karanta masa, yana kan buzunsa a tsakar gida. Ka ce shekararka ta cika, mai makarantar da kake koyar da Turanci a cikinta ya kawo sabuwar takardar yarjejeniya. Ya ƙara maka azuzuwan yamma. Ya rage hutun zuwa gida. Mahaifinka ya ce, "Aiki ne, ya yi haƙuri." Sai na zo wurin da ka ce mutumin yana so daga yanzu a riƙa kiranka Mista Jon, kuma in iyayen yara sun tambaya ka ce daga Amurka kake, wai sun fi sakin jiki da malamin Amurka, wai sunanka yana yi wa yara nauyi a baki. A ƙasa ka ƙara da hannunka cewa suna ne kawai na aiki, kamar riga, in an tashi sai a tuɓe.

Mahaifinka ya ce, "Sake karanta wurin nan." Na sake. Ya miƙe yana laluben bango, na miƙa masa sanda ya ture. Ranar tuwonsa ya kwana a kwano. Har yau bai ƙara tura Sani gidan waya ya duba ko ka aiko ba, shi da yake tura shi kowace ranar kasuwa.

Riga, Abba? Sunan kakanka ne riga?

Ina da cikinka tsohon ya rasu. Da aka haife ka, mahaifinka ya tafi Funtuwa da keke, ya ɗauro rago a baya, ragon na kuka shi yana ta faɗuwa cikin taɓo. Ranar suna ina ɗaki na ji maroƙi ya ɗaga murya daga zaure ya faɗi sunan. Kakarka ta fashe da kuka, ta ce, "Maigidana ya dawo." Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska. Tun daga ranar bakina bai taɓa furta shi ba. Kai ne ɗan fari, kuma sunan surukina ne. Kunya biyu ke nan a kaina.

Ba za ka tuna lokacin da ƙyanda ta kama ka ba. Na goya ka zuwa asibiti, jikinka kamar garwashi. Akawu ya ɗaga biro ya ce, sunan yaro. Na tsaya kamar an dasa ni. Ya ce, "Baiwar Allah, naki ne kuwa, ko aro kika yi?" Mutane suka yi dariya. Maman Ngozi mai shagon yadi, wadda ta rako ni, ita ta matso ta faɗa masa. Daga Kudu ta zo, da girmanta ta koyi Hausa, amma ta faɗe shi daidai, ba ta rage masa komai ba. To wane irin baki ne da yaran Koriya da zai gagare su?

Ko a ajinmu, da malama ta ce kowace ta rubuta sunayen 'ya'yanta, layin sama na bari fili, na fara da Rabi. Malama ta ce, "Inna, kin manta ɗaya." Matan suka ce, "Ba ta manta ba, malama, babban ne." Ni na ɓoye sunan nan don girmansa. Wannan mutumin yana so ka ɓoye shi kamar abin kunya. In ba ka ga bambanci ba, ban san me ka karanta a makarantun da aka yi ta kai ka ba.

Ka ce mutumin kirki ne. Ya tarye ka a filin jirgi, ya saya maka rigar sanyi, ya ba ka ɗaki a saman makaranta, matarsa tana dafa maka kifi dabam don kada ka ci abin da bai halatta ba. Allah ya saka masa. Shi ya sa da ya ajiye takardar a gabanka ka sunkuyar da kai. Na san wannan sunkuyon, ni na dasa maka shi, kuma yau haushin kaina nake ji. Na koya maka kada ka haɗa ido da babba, ban koya maka wanda ake sunkuyar wa ba. Mutumin nan ba baffanka ba ne. Mai gona ne, kai kuma ɗan ƙwadagonsa. Wanda ya ba ka rigar sanyi ya san in sanyi ya kwantar da kai ajinsa ne zai zauna ba malami.

Ka tuna Ɗan'azumi, wanda ke zuwa mana noma kowace damina? In ciyawa ta taso za ta cinye dawa, mahaifinka ne ke sammako ya je nemansa. Su tsaya bakin gona, mahaifinka ya faɗi abin da zai biya. Ɗan'azumi ya ce, "Albarka, Malam," ya saɓa fartanya ya juya, ba fushi ba zagi. Bai taɓa kaiwa bishiyar ɗorawar nan ba, mahaifinka zai kira shi, "Kai, dawo, ɗan nema!" Da rana kuma ka gan su suna shan fura a ƙwarya ɗaya. Ciniki bai taɓa ɓata musu mutunci ba.

Kai da kanka ka rubuta mana cewa da ka je ajin rabinsa kujeru ne kawai, yanzu har an ƙaro benci. Yaran nan sun cika ajin ne kana da sunanka, kana ɗan Nijeriya. Ciyawar a gonarsa take, Abba. Shi ke neman ka, kai kuma kana rawar jiki kamar an tsince ka a tasha.

Ga abin da za ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba.

Kada ka koma wurinsa kai kaɗai. Ko akuya ba a sayarwa ba shaida. Ka ce akwai wani dattijo da kuke haɗuwa a masallacin babban birninsu, mai jin yarensu. Ka roƙe shi ya raka ka, ya karanta takardar da aka rubuta da rubutunsu, ya gaya maka ko ita ce daidai da ta Turancin. Kafin a fara magana ka karɓi fasfonka da mai makarantar ya ce yana ajiye maka. Kai ba yaro ba ne, kana da akwati.

Azuzuwan yamma, in jikinka zai ɗauka, ka bar masa, don shi ma ya ji ya samu wani abu. Hutu kuwa ka riƙe shi da ƙarfi, akwai tsoho a gida, akwai matar aure da ke zaman jira. Amma ko hutun ana iya ja a sassauta. Suna da ƙasa ne ba sa cikin ciniki. Kada ka ce za ka duba, kada ka yi murmushin nan naka. Ka dube shi ido da ido ka gaya masa a'a, da ladabi, ka ɗauki jakarka. In ya kira ka kafin ka kai ƙofa, ka dawo ku zauna. In bai kira ba, ka taho gida. Makarantun Funtuwa da Malumfashi har daga Indiya da Gana ake ɗauko musu malamai. Malaminku na lissafi ɗan Indiya, wanda sunansa ke karya harshe, wa ya taɓa ce masa ya zama Audu, ko ya ce daga Ingila ya zo? Haka kuka yi ta fama har kuka iya.

Kuma ka yi tunani. Yaran da ke gabanka kullum, ƙarya za ka fara koya musu kafin Turanci? Ranar da wani uba da ya taɓa zuwa Amurka ya tsare ka da tambaya, mai makarantar zai ce shi ma yaudararsa ka yi. Sa hannunka za a gani a takardar, ba maganar bakinsa ba.

Abin da ke hana ni barci ma ban faɗa ba. Rai a hannun Allah yake. In wani abu ya same ka a can, Allah ya kiyaye, wa za a ce ya kwanta a asibiti? Wa za a nema? A aiko mana cewa wani Jon ɗan Amurka ba lafiya, mu ce Allah ya ba shi sauƙi, mu ci gaba da sussukar dawa?

Hadiza ta ce in yi maka magana a kaset, ya fi sauri, tun da rubutun yana ba ni wahala. Na ƙi. Akwai abin da nake so in aiko maka wanda bakina ba zai iya ba.

Ɗana, ba don na daina ganin ƙoƙarinka ba ne. Na san kana can cikin sanyi, ba mai ce maka sannu da harshenka, kuma don mu kake yi. Rufin kwanon da ke kanmu kai ne. Amma gara ruwa ya zubo mana a ɗaki.

Allah ya tsare ka, ya ba ka baki a gaban mutumin nan, ya sanyaya zuciyarsa. Allah ya sa mahaifinka ya ji muryarka a tsakar gidan nan. Amin.

Ina son amsarka ta iso kafin Babbar Sallah. Ni zan tura Sani gidan waya. Ka rubuta ta yadda zan karanta wa mahaifinka ba tare da na ji tsoron layi na gaba ba.

Na kori kowa daga ɗakin, na saki labule. Ga layin da na bari fili a aji.

Ilyasu.

Ban taɓa rubuta shi ba sai yau, ka ga yadda hannuna ya karkace. In ni na iya, su ma za su iya. Duk takardar da za ka sa wa hannu a ƙasar nan, da shi za ka sa.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Inna