Rubutun Kabarin Norby

Hayward, California
Mayu, 2010

Yaya Delfina,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da Mama da ciwon ƙafarta. Na aiko wannan ta makarantarku ne, don in ta je gida Mama za ta riga ki buɗewa. Na ɗauki waya ya fi a ƙirga, sai in ajiye. Bakina ba zai iya ba.

Kin san 'yan Slagwater, mawaƙan nan, sun sake haɗuwa, za su buga faifansu na farko tun daga kai har ƙarshe, wanda muke ce wa mai gada. Ranar Asabar da rana suka zauna a wani shagon faifai a Oakland suna sa wa masoya hannu. Na ɗage duk gyaran firijin da nake da shi, na zura rigar Yaya Norby mai tambura, duk da yanzu ba ta rufe mini tumbi. Layi har bakin titi. Duk tsofaffi irina, daga mai furfura sai mai sanƙo, kowa rungume da faifansa kamar jariri.

Na tafi da hoton kabarin Norby. Shekara ashirin da ɗoriya ina burin Lyle Dombrowski, mawaƙinsu, ya gani da idonsa. Da layi ya zo kaina na ajiye masa a gabansa.

Na ce, "Wannan yayana ne. Hatsarin babur ya yi. Shi ya sa ni a hanyar waƙoƙinku. Dubi abin da muka rubuta masa."

Ya ɗauko tabarau. Lyle da tabarau, Yaya! Ya karanta a hankali: Ƙasa ba za ta riƙe ni ba. Ya karanta sunan ƙungiyarsu da na waƙar a ƙasa. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Ɗan'uwa, a ina ka samo wannan baitin?"

Na ce, "A bakinka mana. Waƙa ta uku, inda ganga take tsayawa."

Kafin ya amsa, wani ƙato mai kitsattsen gemu ya leƙo ta kafaɗata.

"Kai, baba, ba haka ba ne fa! Cewa yake, ƙasa ma ba za ta karɓe ka ba. Tsinuwa ce ai."

Ba da mugunta ya faɗa ba, gyara yake mini. Na dubi Lyle don ya ƙaryata shi. Bai ƙaryata ba. Ina ji maganar tana tafiya baya a layi, wannan ya raɗa wa wancan. Wani ya fara dariya, matarsa ta dake shi da gwiwar hannu. Da dariyar suka yi duka da ya fi mini sauƙi. Tausayin da na gani a fuskokinsu shi ya gama da ni. Na ɗauke hoton na fita, ko faifan ban bari an sa wa hannu ba.

Yaya, ni na zaɓi maganar nan. Kin tuna Mama aya take so daga Littafi Mai Tsarki, ni na yi ta kuka ina rantsuwa cewa wannan ce waƙar da Norby ya fi so. Yanzu ga yayana kwance a ƙarƙashin sunan waƙar tsinuwa, kuma duk wanda ya san faifan nan, in ya wuce ta wurin ya sani.

Kada ki gaya wa Mama. Na roƙe ki.

Ƙaninki,
Gilberto

Turlock
Mayu, 2010

Auta,

Muna lafiya. Ƙafar Mama da sauƙi, bakinta kuwa lafiyarsa ƙalau.

A ɗakin malamai na karanta wasiƙarka. Ba zan ɓoye maka ba, na yi dariya har na shaƙe da kofi. Daga nan na shiga banɗaki na yi kuka na gaske.

Wato duk shekarun nan ba ka taɓa duba kalmomin ba? Kai da ka san sunan wanda ya zana bangon faifan, har da irin takalmin da mai gangarsu yake sawa? Na san me za ka ce: wa yake duba abin da ya haddace. To ga shi nan.

Ka tambaye ni a bayan takarda ko haka Norby ma yake rera wurin. Auta, Norby a wurin wanka yake rera ta, kuma duk abin da nake ji daga kicin kamar an taka wa kare wutsiya ne. Ba ni da shaidar da zan ba ka.

Yanzu ka zauna, don nawa labarin ya fi naka. Mama ta sayi gurbin kabarin da ke gefen Norby, wannan ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne ta riga ta je wurin Mista Avila mai sassaƙa dutse. Ta zaɓi dutsenta, an sa sunanta da ranar haihuwa. A ƙasan dutsen kuma ta ce a sa mata maganar nan sak irin ta ɗanta, har da sunan ƙungiyar. Farkon watan gobe zai fara. Ta ce kada a gaya maka, so take ta kai ka ka gani da kanka, ka ji daɗi.

Ba ka nan, ba ka san yadda ta riƙe maganar nan ba. Duk gidan rasuwar da muka je sai ta kama hannun mai makoki ta faɗa masa. Ta taɓa tsare Fada Teixeira a ƙofar coci tana yi masa bayanin cewa yaran nan masu gashi kamar mayu sun san tashin matattu fiye da wasu masu zaman sahun gaba. Matan ƙungiyar coci har sun ɗinka mata ita a jikin matashi.

Ka ce kada in faɗa mata, ba zan faɗa ba. Amma ba zan zuba ido a sassaƙa wa uwata abin da ba ta san asalinsa ba. Ranar Lahadi ka zo, bayan coci. Za ta yi miyar kabeji da tsiran alade. Ka ci, ka faɗa mata da bakinka. Wannan kayan naka ne, ba zan ɗaukar maka ba.

Yayarka,
Fina

Hayward
Mayu, 2010

Yaya,

Na gaishe ki. Na samu taki, kuma tun da na karanta abinci bai yi mini daɗi ba.

Akwai abin da ban rubuta miki ba. Da na fita daga shagon, ina ƙoƙarin buɗe mota sai na ji ana kira, "Kai, mai riga!" Lyle ne. Ya bar layi ya biyo ni, yana ɗingishi, gwiwarsa ta lalace. Ya jingina da motata yana haki.

Ya ce, "Ubana na yi wa waƙar nan. Direban babbar mota ne. In ya dawo daga tafiya, uwata ke fara shan duka, sannan ni. Ranar da ake binne shi ban je ba, ina garejin abokina ina rubuta wannan."

Na ce ya yi haƙuri. Ban ma san haƙurin me nake ba shi ba.

Ya ce, "Ni ne da jin kunya. Yaro ne ni, ihu kawai nake, ban san a kan kabarin wani za ta ƙare ba. Naka baitin ya fi nawa kyau, wallahi." Ya cusa mini tikitin wasansu a aljihun riga, ya koma.

Ban je wasan ba. Na ba maƙwabcina tikitin.

Kin tuna ranar da Norby ya kawo kaset ɗin? Ke kina aiki a kamfanin gwangwani lokacin. Wani abokin aikinsa a garejin fenti ya kwafa masa daga kwafin wani kwafin, babu bango babu komai, sai suna da biro. Ya kira ni gareji ya rufe ƙofa, ya ce, "Zauna, Kwaɗo. Yau za ka zama mutum." Jitar farko ta shigo kamar ana yanka ƙarfe, ganga ta biyo ta a guje, na ji kamar ƙirjina zai tsage. Na ce masa sun yi sauri da yawa. Ya ce, "Ba su ne ke sauri ba, duniya ce ke jan ƙafa." Ya kai ni wasansu a wani ɗan kulob a Berkeley, ya ce wa mai gadi ni ƙaramin jiki ne kawai gare ni. Da aka fara turereniya na faɗi, kafin in taɓa ƙasa hannaye sun ɗago ni, mutanen da ban taɓa gani ba. Na koma gida da fasasshen leɓe, ban taɓa farin ciki irin na ranar ba.

Faifan nan ya raka ni ko'ina. Da matata Marlene ta kwashe kayanta, shi na sa. Da aka yi mini aikin baya, shi na sa. In wurin nan ya zo, ganga ta tsaya, sai in ji kamar Norby ne ke magana daga can.

Jiya na daure na sa shi a mota. Yaya, ƙarara yake. Ƙasa ma ba za ta karɓe ka ba. Kowace kalma a fili, kamar mai karanta labarai. Na mayar da shi baya na sake, na kasa kunne na nemi tsohon baitin, babu shi. Na ajiye mota a gefen titi na zauna. Ji nake kamar an sake yi mini rasuwa, kuma ba wanda zan gaya wa bai yi dariya ba.

Me zai hana mu lallaba ta ta koma kan ayarta? Ki ce Fada ne ya ba da shawara. Ba sai ta san dalili ba. Tsohuwa ce, me ya sa za mu ƙwace mata abin da take riƙe da shi?

Zan zo Lahadi. Amma ban yi alkawarin komai ba.

Naki,
Gil

Turlock
Yuni, 2010

Auta,

Gaisuwa, in ka cancance ta.

Ka zo, ka cinye kwano biyu, ka janye firijin da lafiyarsa ƙalau ka yi ta bincike a bayansa. Sannan ka tsaya ka ba wa Mama baya, ka yi wa wurin wanke-wanke bayani cikin ƙunƙuni, matar da ko a gabanta kake sai ka ɗaga murya. Ka ajiye faifan a kan tebur, ka sumbaci goshinta, ka ce ana jiran ka. Wa yake jiran ka ranar Lahadi?

Motarka ba ta bar layinmu ba Mama ta juyo ta ce, "Me ke damun yaron nan? Mace ce?"

Na ce ba mace ba ce.

"To ciwo ne? Ku faɗa mini in ciwo ne."

Da na ga ta fara laluben carbi, na karya alkawarina. Na gaya mata duka, da ƙaton mai gemu, da Lyle da ubansa. Ka yi fushi in kana so.

Ta ajiye carbin. Ta share tebur, ta ninke tawul. Can ta ce, "Sa mini."

Na ce, "Mama, ba irin kiɗanki ba ne."

"Shekara nawa ina jin sa ta bango? Sa mini, yau in ji shi a zaune."

Ta ƙure na'urar kunnenta mai ƙara ji, ta zauna a kujerar Baba, hannu a cinya kamar tana coci. Na sa waƙa ta uku. Kofuna suka yi ta rawa a kabad, karen maƙwabta ya ɗauka. Da ta ƙare ta ce in maimaita, na maimaita. Sai ta tambaye ni ko uban yaron yana da wasu 'ya'ya, na ce ban sani ba. Ta ce in ba ta takarda da biro.

Ga abin da ta rubuta nan a ciki. Ta liƙe da kanta, ban karanta ba. Ban kira Mista Avila ba, ban kuma san me za a ce masa ba.

Fina

Gilberto ɗana,

Allah ya yi maka albarka. Ka rame, kuma gashin nan yana son aski.

Na saurari waƙar. Ban ji abin da kai ka ji ba, ban kuma ji abin da suka ce ba. Yaro kawai na ji yana kuka da ƙarfi.

Ranar da muka binne Norberto ban iya tsayuwa da ƙafata ba. Kai ka zo da maganar nan, da ita na tashi. Ban san wani Lyle ba. Daga bakinka na karɓa. Ka gaya wa Avila ya sassaƙa yadda na ce, sai dai ya cire sunan ƙungiyar daga nawa. Na ɗan'uwanka a bar shi yadda yake, mutanensa ne.

Ka daina sunkuyar da kai, ka yi mini aiki ɗaya. Ka nemo mini sunan uban yaron nan, zan sa Fada ya yi masa addu'a. Mugu ne, na ji. Amma mutum yana kwance shekara da shekaru, dubban mutane suna tsalle suna tsine masa, har da 'ya'yana biyu, kuma babu wanda ya taɓa kunna masa ko kyandir ɗaya.

Mamanka,
Ilda Furtado