Ba Aljani Ne Ya Shiga Nusaiba Ba

Zuwa ga Anti, marubuciyar labarin Nusaiba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kina lafiya ke da iyalinki. Ki yi haƙuri da na sako wannan a zauren masu karatunki; na tura miki ke kaɗai, ba ki buɗe ba. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, ki san an kai ni bango ne.

Shekarata goma sha shida, a Manfuha aka haife ni, nan Riyad. Makarantarmu ta Larabci ce, a littattafan soyayya na koyi karatun Hausa. Shi ya sa in an yi la'asar, Umma da maƙwabciyarmu Inna Rabi 'yar Maraɗi suna mulmula furar sayarwa, ni nake karanta musu a waya, shafi-shafi yadda kike sakowa.

Na ɗaya. A farko kin ce labarin yarinya ne da za ta gano ko ita wace ce. Nusaiba tana kuka in masoyan littafi sun rabu, amma in saurayi na gaske ya yi mata magana ba ta jin komai, sai ƙaguwa ya tafi. Anti, ni ce wannan. Da na zo wurin na dakata da karatun, Inna Rabi ta tsokane ni wai ko 'yar'uwata ce. Sai na sunkuyar da kai na ce ni ma haka nake ji. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Na faɗa ne don na amince da ke, na ɗauka a ƙarshe za ki yi wa Umma bayanin da bakina ya kasa.

Na biyu. Sai kika ce wai aljani ne ya aure ta. Aka yi mata ruƙiya, ta yi atishawa, ta farka tana son wanda jiya ko muryarsa ba ta son ji. Shi ke nan? Duk tambayoyin da ta yi ta yi wa kanta fa? Kuma da bakina na karanta, don ban san abin da ke gaba ba, balle in tsallake. Na ɗago, na ga Umma ta ajiye furar tana kallona.

Na uku. Tun ranar gidanmu turare ne da ruwan tofi. Inna Rabi ta samo wani mai ruƙiya a unguwar Jaradiya, ana jiran Juma'a Abba ya huta daga tuƙi ya kai mu. Umma ba muguwa ba ce, tsoro take ji. Ni ma ban raina ruƙiya ba, Alƙur'ani waraka ne. Amma wallahi lafiyata ƙalau: ina salla, ina azkar, ba na ganin kowa a mafarki. Abin da nake tsoro, in aka tambaye ni a gaban Abba zan ce na warke don a ƙyale ni, daga nan kuma Umma ba za ta sake jin gaskiyar zuciyata ba.

Ban ce ki goge littafinki ba. Roƙona ki rubuta ko layi kaɗan ne a zauren nan, ki ce ƙarshen nan ke kika tsara shi, kuma yarinya tana iya zama haka ba tare da komai ya shige ta ba. In ke ma ba ki san dalili ba, ki ce ba ki sani ba. Ko wannan ya ishe ni. Umma ta fi yarda da alƙalaminki a kan bakina.

Allah Ya ƙara miki basira, Ya raya miki zuri'a, Ya sa 'ya'yanki su samu mai saurarensu. Don Allah kafin Juma'a, Anti. Ni zan karanta mata, kamar kullum.

Wassalam.

'Yarki mai karatunki,
daga Manfuha.