Tebur Kusa da Tanda

Asabar, 1 ga Maris

Saura kaɗan yau in mutu, kuma cuku ne ya so kashe ni. Ina rubutawa ne don in ga abin a takarda, ko zan yarda ya wuce.

Auta ta samu aiki, ta ce sai ta kai ni da babanta gidan abincin Italiyan nan na kwanar layinmu, inda ake gasa piza. Shekara da shekaru ina wucewa ta ƙofar, ban taɓa leƙawa ba. Wurin ƙarami ne, an shimfiɗa wa teburan yadi mai ja da fari, kalmasar ma ba ta miƙe ba, sai da na duba. Kujerun ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Can ƙurya ga tanda tana ci da itace, wani ƙaton mutum mai farar hula yana zura piza da doguwar shebur ta katako.

Aka kawo tamu tana tururi. Baban Auta yana ba da labarin wani fasinja da ya yi barci a bas ɗinsa har gareji, na kai loma, na yi dariya. Shi ke nan. Cukun nan mai jan zare, rabi ya gangara, rabi yana bakina, ya ƙi tsinkewa. Na nemi tari, babu. Na nemi numfashi, babu. Ina jin waƙar da ke tashi a rediyon wurin, ina ganin bakin Auta yana motsi, ni ko sauti na kasa fitarwa. Baban Auta ya miƙe da kofi a hannu yana ta cewa, "Ruwa, a ba ta ruwa," amma bai matsa daga inda yake ba.

Sai na ji hannuwa ta bayana, masu warin hayaƙi da fulawa. Mai tandar ne. Ya ɗaga ni daga kujera, ya matsa cikina sama da ƙarfi, ya sake matsawa, har abin ya faɗo a kan tebur. Bai fi babban yatsana ba.

Ya ce, "Sannu, Mama," ya koma don pizar wasu tana ƙonewa. Ko godiya ban yi masa ba.

Lahadi, 2 ga Maris

Haƙarƙarina na ciwo. Shayi kawai na sha.

Talata, 4 ga Maris

Na gutsiri burodi da safe bayan sun fita. Na tauna, na tauna, har ya koma ruwa a bakina, da na zo haɗiyewa sai maƙogwaron ya rufe. Na tofar a cikin ƙyalle.

Gidan nan daga safe har yamma ni kaɗai ce da keken ɗinki. In abin ya sake faruwa a nan, keken ne zai matsa min ciki?

Juma'a, 7 ga Maris

Tun ina budurwa nake riƙe fil a baki in ina gwada wa mutum kaya. Yau wata ta zo gwajin riga, na kai fil baki kamar kullum, sai na fizge hannuna da sauri. Na zubar da su duka a ƙasa, muka yi ta tsinta. Na ce mata jiri ne.

Madara, shayi, romo da na tace da rariya. Abincina ke nan, kamar jaririya.

Litinin, 10 ga Maris

Na je asibiti ban faɗa wa kowa ba. Likita ya haska maƙogwarona, ya danna wuyana, ya ce ƙalau yake, tsoro ne kawai, zai wuce. Kawai. Na so in ce masa ya zo ya haɗiye min tunda abin kawai ne, amma sai na gode masa.

Alhamis, 13 ga Maris

Asirina ya tonu. Kwana biyun nan in an zuba abincin dare sai in ce na ci wajen girki, ko in juye nawa a leda in suka kau da kai. Yau Baban Auta ya je zubar da shara ya ga ledojin.

Ya shigo ya ce, "Maman Auta, kashe kanki za ki yi? Zauna ki ci, ga ni nan."

Na ce, "Ai ranar ma kana nan."

Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Ya tsaya yana kallona, ya ajiye farantin a hankali, ya fita. Na san na yi masa rauni, kuma abin da ya fi damuna, ba ƙarya na faɗa ba. In yana zaune gabana da wannan idon nasa mai tsoro, sai tsorona ya ninka.

Asabar, 15 ga Maris

Na rage wa rigunana ƙugu. Wata mai kawo ɗinki ta ce in faɗa mata sirrin, ita ma tana so ta rame.

Talata, 18 ga Maris

Rashin godiyar nan ya tsaya min a rai. Na ɗinka wa mai tandar rigar girki, irin wadda ake ratayawa a wuya a ɗaure ta baya, da farin yadi mai kauri. Farin ya ƙare kafin in kai ga igiyar, sai na yi ta da shuɗi. Na ce zan miƙa daga bakin ƙofa in juyo, don ko hanyar na daina bi, zagayawa nake ta layin baya.

Na je da hantsi, ba kowa wajen teburan sai matar da ke kai wa mutane abinci, mai soka fensir a ɗankwali. Ta gane ni, ta ja hannuna har ƙurya. Na kau da kai da muka wuce teburin da na shaƙe.

Mai tandar ya karɓa, ya ɗaura nan take, ya juya min baya don in ga yadda ta zauna. Ta zauna daidai, ban taɓa kuskuren awon mutum da ido ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Mama, ba kya cin abinci." Na ce ina ci mana. Bai yi musu ba. Ya jawo ɗan teburin da suke ajiye kwalayen piza, ya share shi, ya sa kujera dab da tanda. Ya zubo min miyar tumatir da wata taliya ƙanana kamar shinkafa, ya ce, "Ina nan, ba inda zan je." Ya juya ya ci gaba da murza fulawarsa.

Bai kalle ni ba. Ina jin abin da ya taimaka ke nan. Na zuba wa shuɗiyar igiyar ido, na kai cokali. Ta wuce. Na sake kaiwa. Da na ga rabin kwanon ya tafi sai kuka ya zo min, Mai Fensir ta ajiye min takardar goge baki ta yi kamar ba ta gani ba.

Laraba, 19 ga Maris

Na koma. Na ce wa kaina zan duba ko ɗinkin bai saki ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Abin dariya, in da ina da ƙarfin dariya. Wurin da ya so kashe ni, nan kaɗai nake iya haɗiye loma a duk faɗin garin nan. Kullum da hantsi nake zuwa kafin mutane su cika. Mai Fensir ta daina kawo min takardar zaɓen abinci, tana cewa, "Teburinki na nan, Mama." Na ci taliya mai laushi, na ci dankalin da suke mulmulawa ƙanana su dafa, jiya har gefen piza na gutsira, wanda ba cuku. Cuku kam ko a farantin maƙwabci na gan shi yana jan zare sai na kau da kai.

Kafin kowace loma sai na ɗaga ido na ga bayansa. In ya shiga ɗakin ajiya ɗauko itace, sai in ajiye cokali, in riƙe abin da ke bakina har ya fito.

Yau Lahadi sun rufe. Madara.

Alhamis, 27 ga Maris

Na faɗa wa Auta inda nake zuwa. Ta yi murna, sannan ta ce, "To Mama, in mutumin ya bar aiki fa?" Na ce ta rufe min baki. Yarinyar nan tun tana ƙarama ta iya faɗin abin da mutum ke ɓoye wa kansa.

Babanta yana jin mu daga falo. Har yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, da "ga shayinka". Shi ma ya rage ci, na lura wandonsa ya fara yi masa yawa.

Litinin, 31 ga Maris

Rubutun nan ma da ƙyar nake yin sa.

Na makara yau saboda wata ta zo karɓar ɗinki ta zauna surutu. Na tarar wurin ya cika, ma'aikatan ofis, wasu mata da jarirai, hayaniya ko'ina. Mai Fensir tana gudu da farantai, ta nuna min teburina da haɓa. Na zauna, na ɗaga ido: farar hula, farar riga, shuɗiyar igiya. Hankalina ya kwanta. Yunwa nake ji ta gaske, irin wadda na manta da ita. Aka kawo min doguwar taliya da niƙaƙƙen nama, na ce yau dai bari in gwada. Na ci. Na cinye tas, har na sa burodi na share miyar. Nama fa. Ina ta jin daɗi, ina jira ya juyo in nuna masa farantin.

Ya juyo. Wani mutum ne daban, mai gemu, ban taɓa ganinsa ba.

Ni da nake taƙama da awon mutum da ido. Kafaɗarsa ba ta kai ta wancan ba, igiyar ma sai da ya zagaya da ita ciki kafin ya ɗaure. Duk ban gani ba, ɗinkina kawai nake kallo.

Na kamo hannun Mai Fensir na ce ina mai tandar yake. Ta ce mahaifinsa ne ba lafiya, ya yi tafiya tun jiya, ba su san ranar dawowarsa ba, ta so ta faɗa min aiki ya sha kanta. Na ce wannan ɗin ya iya abin nan na ceton wanda ya shaƙe? Ta ce wallahi ba ta sani ba. Na zazzaga mata faɗa a gaban mutane, na ce da na mutu fa, da alhakina yana wuyanta. Baiwar Allah ta tsaya da farantai a hannu ta ce, "Amma Mama, ai kin cinye."

Na fito. A hanya na riƙa taɓa wuyana, kamar naman zai dawo ya shaƙe ni bayan ya riga ya sauka.

Talata, 1 ga Afrilu

Ban je ba. Ban ci komai ba. Ina jin haushin kowa, har da majinyacin da ban sani ba, Allah ya yafe min, Allah ya ba shi lafiya.

Laraba, 2 ga Afrilu

Maganar Mai Fensir ta ƙi barina. Ina yanka yadi ina jin ta. Ba wanda ya tsare ni ran Litinin, ba wanda zai tashi in abin ya faru, kuma loma bayan loma duk sun wuce. Wannan tunanin wani lokaci yana sa ni zufa, wani lokaci kuma ban san abin da yake sa ni ba.

Ya kamata in je in ba ta haƙuri. Kalmasar yadin teburan nan ma zan iya gyara musu.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Ba wani abu yau. Na gama riguna, na share zare, wuta ta ɗauke ta dawo.

Baban Auta ya manta tuffar da yake tafiya da ita aiki a kan tebur. Da azahar na gan ta. Na buɗe ƙofar gida na bar ta a wangale, ko da wani abu, maƙwabta su gan ni in na fito. Na feraye ta, na yanka siriri-siriri, na tsaya a bakin ƙofa. Ina tsoro, ba zan ce ba na tsoro ba. Na daɗe a tsaye.

Da ya dawo ya tambaya ko an ga tuffarsa. Na ce ban sani ba, ƙila Auta ce. Ya san Auta ta riga shi fita. Ya dubi ɓawon a kwandon shara, ya dube ni, ya ce bari ya je ya duba tayar mota. Motar kuwa tana can garejin aikinsu tun yamma, ba ta gida. Ya jima a waje kafin ya shigo, ya zauna, ya ce in akwai sauran abinci in zuba masa da yawa.