Koriyar Motar Baba

Anka,
Nuwamba, 1982.

Zuwa ga Yayata Iyatu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da dukan mutanen Bukkuyum. Inna na gaishe ki. Man shanun da kika aiko ya iso, ta ɓoye shi a ɗaki, Baba kaɗai take zuba wa.

Mun dawo daga Kano. Likitan ido ya duba Baba, ya kira ni gefe ya ce jijiyar ce ta mutu, babu aikin da za a yi. Ban gaya wa Baba ba, shi ma bai tambaye ni ba. Yanzu haske da duhu kawai yake bambantawa.

A hanyar dawowa jif ɗinsa ta tafasa mana kusa da Tsafe, sai da muka roƙi ruwa a wata ruga. Yaya, motar nan ba wadda kika sani ba ce. Kin tuna ranar da ya shigo da ita Anka, koriya shar, har mata suna leƙe ta katanga? Yanzu duk inda ta tsaya sai ta bar baƙin mai a ƙasa. Na'urar sanyinta ta mutu tun bara, giya tana kurtawa, ga shan fetur kamar ana zubawa a rami. Saminu bakanike ya ce a Gusau kaf babu mai sayar da kayanta, sai Kano ko Ikko. Tun da gwamnati ta tsuke shigo da kaya kuwa, lagireto kaɗai ya kai kuɗin ɗan maraƙi.

Na ba Baba shawara mu sayar, mu sayi akori-kura wadda ko a ƙauye ake gyara ta. Sai ya daina kirana cin tuwo tare da shi, har sai da Inna ta sa baki. Kowace safiya yakan lallaba bango ya je ya zauna a kujerar gaba, ya ce in tayar da ita. Yakan karkata kai ya saurara, ya ce mini filogi ɗaya ba ya ci. In na buɗe, haka ne.

Ki sa mu a addu'a. A gaishe da yara.

Ƙanenki,
Hayatu.

Anka,
Agusta, 1983.

Yaya Iyatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina fatan damina ta yi muku kyau. Mu nan sai godiya.

Kin ji labarin bushiya, annobar shanun nan. Abin da kika ji bai kai abin da na gani ba. Na je garken Baba wajen Dareta, na tarar ana haƙa rami ana tura mushe. Shanun da ya tara tun yana kora su Badun a ƙafa, abin da ya saura bai cika hannu biyu ba, su ma duk ƙashi. Jar saniyarki, wadda ya ba ki ranar da aka kai ki ɗaki, tana cikin waɗanda Allah ya tsare. Ita ce ma mai sauran jiki.

Motar tana kwance tun farkon ruwa. Ta yi zafi a kan hanyar Abare har kan injin ya tsage, ruwa ya haɗu da mai. Na ce shi ke nan, ta huta mu ma mu huta.

Sai ga saƙo daga Gummi. Baba Manu, abokin fataucinsa, ba shi da lafiya, kuma kullum sunan Baba yake kira. Na ce mu shiga motar haya gobe-goben nan. Baba ya ƙi. Na ɗauka girman kai ne, har na ɗaga masa murya, Allah ya yafe mini. Inna ce ta zaunar da ni a madafa ta fahimtar da ni. Ta ce a cikin motarsa ba wanda ya san bai gani. Yana zaune gaba, ya ɗaga hannu, a gaishe shi Alhaji ya amsa. A tasha kuwa sai an riƙe hannunsa, 'yan kamashon da ya sha yi wa alheri suna kallo. Ta ce ba motar yake riƙo ba, ɗan abin da ya rage masa ne.

Saminu ya samo kan inji na hannu a wurin wani a Kano. Na sayar da babur ɗina, Inna ta ba da tasoshinta, bai kai ba. Yaya, alƙalamin nan ya yi mini nauyi. Saniyarki nake roƙo. Na san ita kike ajiye wa auren 'yarki Uwani. In kin ce a'a, wallahi ba zan ga laifinki ba, kuma Baba ba zai taɓa ji ba.

Ina jiran amsa ta hannun mai kawo wannan takarda.

Naki,
Hayatu.

Anka,
Oktoba, 1983.

Yayata,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda bai san da bakin da zai gode ba. Mai kawo saƙo ya ce ko gama karanta miki ba a yi ba kika ce a kai saniyar kasuwa. Allah ya saka miki, ya raya miki Uwani.

Kayan sun yi jinkiri a Kano, gyaran ma ya ja. Da aka gama, muka kama hanyar Gummi da hantsi. Baba ya sa babbar rigarsa mai aska, ya sauke gilashi, yana ɗaga hannu tun daga ƙofar gida har bayan gari. Rabon da in ga haƙoransa na manta. Muka wuce mararrabar garinku, har na ce a dawowa za mu biyo mu ba ki mamaki.

Ba mu yi nisa ba ya dafa gwiwata ya ce in tsaya. Ni ban ji komai ba tukuna. Kafin in sauka gefen hanya sai ƙara ta taso daga ƙasa kamar ana daka a turmi, fitilar mai ta kama, motar ta mutu. Injin ya buga, Yaya. Ashe zafin da ta yi a baya ya riga ya cinye ƙarafan ciki, sabon kan da muka ɗora a bisa ruɓaɓɓen abu muka ɗora shi.

Muka zauna a ciki, rana tana dukan rufin. Can wata babbar motar 'yan kasuwa ta taho, cike da buhunan gero da mata. Baba ya buɗe ƙofa da kansa, ya miƙo hannu ya ce, "Riƙe ni, Hayatu. Tsai da su."

Mun sami Baba Manu da rai. Amma iyalinsa sun ce tun makon da ya wuce harshensa ya karye. Da a watan da ya aiko muka zo, da sun yi hira. Na zaunar da Baba a bakin tabarma. Shi yana kallon Baba ba ya iya magana, Baba yana magana ba ya ganinsa. Baba ya yi ta ba shi labarin hanyar Badun, yana tsayawa a wuraren da ya saba a amsa masa, ba amsa. Daga baya Baba Manu ya ɗago hannu da ƙyar ya kama gemun Baba ya ja kaɗan. Baba ya yi dariya, dariyar ta juye kuka. Na fita waje.

Ranar Juma'a aka yi wa Baba Manu sutura.

Motar tana garejin Saminu, an jawo ta da igiya. Masu sayen ƙarafa sun zo sun taya, Baba ya ce a sallama, ko nawa ne bai tambaya ba. Tun da muka dawo bai ambace ta ba.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne maganar da ya yi mini jiya bayan la'asar. Ya ce fuskokinmu sun fara ɓace masa. Ya ce in ya nemi taki a ransa, yarinya mai kitso biyu kawai yake samu, ya rasa yadda kika koma da kika girma. Ki roƙi maigidanki ya bar ki ki zo, ko kwana kaɗan ne. Ki zauna kusa da shi ya shafa fuskarki.

Inna na gaishe ki. Ki zo, Yaya.

Ƙanenki,
Hayatu.