Muryar Mahaifiyata Tana Kulle a Buron Malam Habu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'a,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin lakol ne, wato makarantar boko, a Cadawa, haifaffen Gangara, tsohon ɗalibin Malam Habu na sashen tarihi. Na yi ta sintiri a ƙofar buronka, wato ofishinka, ban samu ganinka ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, ranka ya daɗe, ka san aikinsa. Malam Habu ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawo da rakoda a ƙauyukan Agiye da Gazawa, yana ɗaukar labarin tsofaffi. Ƙa'idarsa guda ce: duk wanda aka ɗauki muryarsa, bayan girbi sai a koma a kunna masa gaban iyalinsa, ya gyara abin da zai gyara. Ya sha faɗa mana cewa aro muka karɓa, dole mu mayar. Mu ɗalibansa kuwa mun ci tuwon gidansa har matarsa ta daina tambayar mu nawa ne.

Na biyu, tun da shanyewar jiki ta kwantar da shi aka garƙame buronsa, kaset ɗin duka suna ciki. Rufin yana yoyo. Mai gadi ya ce makulli yana hannun sakatare, sakatare ya ce sai kwamiti ya zauna. Damina ta wuce, wata ta zo, kwamiti bai samu kujera ba.

Na uku shi ne abin da ke ci mini rai. Mahaifiyata ce ta ƙarshe da ya ɗauka. Ta ba shi labarin yadda kakanninmu suka bar bin shanu suka kama noma, har da waƙar tatsar nono, tana yi tana dariya. Ni na riƙe rakodar. Ta rasu ana yankan gero, kafin a maido mata.

Mahaifina ba tarihi yake nema ba, matarsa yake son ji. Kunnensa na hagu ya riga ya mutu, na daman ma sai an ɗaga murya. Da na je gaida Malam, bakinsa ba ya fita sosai, amma sunan mahaifiyata ya kama yana hawaye.

Ina roƙonka ka sa a buɗe ƙofar nan, a fitar da kaset ɗin daga lema, a bar mu ɗalibansa mu mayar wa kowane gida nasa. Namu dai a hanzarta, tun Baba yana iya ji.

Allah ya ba Malam lafiya, kai kuma ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.